Ɗure ba jinya ba ne

Daren Talata ban runtsa ba. Auta ta kwana jikinta kamar garwashi, tana rawar sanyi tana kiran sunana cikin barci. Shekararta huɗu da 'yan watanni. Da gari ya waye muka tafi asibitin unguwa, aka tsaga mata yatsa aka ɗiga jini a ɗan abin gwajin nan, layi biyu suka fito. Maleriya ce, kamar yadda na zata, domin damina ce kuma kwatar bayan gidanmu ta cika da ruwa tun watan Yuli. Aka rubuta mana maganin nan mai ruwan ɗorawa, ƙwaya biyu sau biyu a rana har kwana uku, shan sau shida ke nan, ƙwaya goma sha biyu. Akwai wanda ake narkarwa a ruwa saboda yara, amma a kyamis biyu da na shiga an ce ya ƙare, sai na karɓi na haɗiya.

Duk uwar da ta raini yaro mai kafiya ta san cewa sayen magani shi ne mai sauƙi. Auta yarinya ce da in ta ce a'a, to ta gama magana. Ta haɗe leɓe, ta sa hannu biyu ta rufe baki, ta juya fuska bango.

Kuskuren farko nawa ne, kuma har yanzu yana damuna. Na daka ƙwayar na zuba a cokali da ɗan ruwa, na ce mata alawa ce Babanta ya aiko. Ta yarda da ni. Ta buɗe baki da kanta, tana ma ɗan murmushi duk da zazzaɓin. Ɗacin na taɓa harshenta ta tofar, ta kalle ni ta ce, "Umma, ƙarya kika yi mini." Daga wannan lokacin ta daina karɓar komai daga hannuna. Koko ta ƙi, shayi ta ƙi, ruwan sha ma sai ta leƙa kofin ta sansana. Ƙarya ɗaya ta sa yarinya mai zazzaɓi ta yini ba ta sa komai a ciki ba.

Da la'asar Inna, mahaifiyar maigida, ta ce, "Ke 'yar nan, kawo ta nan a yi mata ɗure, ana lallashin ciwo ne?" Ban musa mata ba, don haka aka yi mana dukanmu. A kwantar da yaro a cinya, a matse ƙafafunsa, wani ya riƙe hannuwa, a toshe hanci, in ya buɗe baki neman iska a zuba. Haka muka sha jiƙon maɗaci da na darbejiya muna ƙanana. Inna ta toshe hancin, ni na zuba. Auta ta ƙware. Ta yi wani irin tari da ban taɓa ji ba, idanunta suka firfito suka yi ja, numfashinta ya ɗauke na ɗan lokaci da ni a wurina ya fi shekara, sannan ta kwaro amai a zanen Inna. Magani ya fita, yarinya ta galabaita, ta rarrafa ta shige bayan ƙofa tana kallonmu kamar ba ta san mu ba. Ita kanta Inna jikinta ya yi sanyi, ta daɗe tana salati.

Ina cikin goge aman ne rediyon tsakar gida yana ta magana. Wani jami'in gwamnati ne ake hira da shi, yana cewa a ƙara haƙuri, gyaran tattalin arziki kamar magani mai ɗaci ne, dole a daure a haɗiye kafin a ga lafiya. Wallahi sai da na ajiye tsumman na zauna. Wannan misali na magani mai ɗaci mun ji shi har kunnenmu ya ƙosa. Iyayenmu sun ji shi a 1986 da Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Mun ji shi a Janairun 2012 da Jonathan ya ɗaga litar fetur daga naira 65 zuwa 141, har zanga-zanga ta sa aka dawo da ita 97. Mun ji shi a 2016 da Buhari ya kai ta 145. Muka sake jin sa bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da Tinubu ya tsaya a wurin rantsuwa ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma kusan 500 ko fiye, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu a wurare da yawa. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ake canzarwa wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024.

Wanda bai yi jinya ba zai ɗauka maganar dala ta 'yan canji ce. Mafi yawan magungunan da muke sha, ko sinadaran da ake haɗa su da su, daga Indiya da Sin ake shigo da su, da dala ake biya. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, masu magungunan Augmentin da Ventolin, ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya bayan shekaru sama da hamsin, Sanofi ma ya bi sahu kafin shekarar ta ƙare. Ku tambayi duk mai ɗa mai asma yadda kuɗin abin shaƙar nan ya koma. Ni ƙwaya huɗu na yi asara ranar Laraba, biyu a ƙarya biyu a ɗure, dole na sake sayen wani kwalin don a cike shan sau shidan. Kuɗin cefanen washegari ne ya tafi.

Ban ce babu cuta ba. Akwai ta, kuma babba ce. Tallafin mai ya zama rijiyar da wasu ke ɗiba, kwamitin majalisar wakilai ya bankaɗo hakan tun 2012, har shi kansa shugaban kwamitin daga baya kotu ta ɗaure shi kan karɓar cin hanci. Ƙasar da ke haƙo ɗanyen mai ta shafe shekaru tana sayo fetur daga waje matatunta huɗu suna kwance, wannan ba lafiya ba ce. Ko Auta ma ai maganin gaskiya ne a hannuna, cutar ma gaskiya ce, amma duk da haka na kusa halaka ta da hannuna saboda yadda na ba ta.

Bayan magariba maƙwabciyarmu ta shigo. Nas ce, ta kusa ritaya, yaran unguwa duk Anti suke ce mata. Ta ji labari, ba ta yi mana faɗa ba, amma ta gaya wa Inna cikin ladabi cewa ɗure yana iya tura magani ko abinci cikin huhu maimakon ciki, kuma ta ga yaran da aka kawo asibiti da ciwon huhu ta wannan hanyar, wasu ba su koma gida ba. Ta ce a zaunar da yaro a miƙe, kada a kwantar. A daka ƙwayar a ruwa kaɗan, don in ya yi yawa ba zai shanye ba. A zuƙa a sirinji marar allura a riƙa matsawa kaɗan-kaɗan ta gefen kumatu, ba tsakiyar maƙogwaro ba. A bi da madara ko abinci mai maiƙo, domin wannan maganin ya fi shiga jini in akwai maiƙo a ciki. In yaro ya amayar cikin rabin awa a sake ba shi. Kuma ko zazzaɓi ya sauka a rana ta biyu a ƙarasa shan sau shidan, don barin magani a rabi shi ke sa cutar ta dawo. Sannan ta dube ni ta ce, "Maman Auta, ki je ki ba ta haƙuri, ki gaya mata gaskiya."

Na je bayan ƙofar na durƙusa. Na ce, "Auta, na yi miki ƙarya ɗazu, ba alawa ba ce, magani ne kuma da ɗaci. Ki yafe mini. Akwai ƙwayar cuta a jininki da sauro ya sa miki, wannan ne zai kashe ta. Sau shida za ki sha, in kin sha za mu riƙa ƙirgawa tare." Ta yi shiru tana kallona. Can ta ce, "To ke ki fara sha." Na dangwali abin da ya rage a cokalin na lasa a gabanta. Da ɗaci kuwa, fuskata ta nuna, ban ɓoye ba. Anti ta tambaye ta, cokali take so ko sirinji, a cinyar Umma ko a cinyar Inna? Ta zaɓi sirinji da cinyata. Ta yi kuka, ta yamutsa fuska, amma ta haɗiye, ta kora da madara. Na ɗauki gawayi na ja layi ɗaya a bango.

"Ke ki fara sha." Tun daren nan maganar take yawo a kaina. A cikin masu ce mana mu haɗiye, wa ya lasa? A shekarar da aka cire tallafi aka saya wa 'yan majalisar tarayya, sanatoci 109 da wakilai 360, manyan motoci da aka ruwaito kowace ta kai wajen naira miliyan 160. A watan Yunin 2024 aka buɗe sabon gidan mataimakin shugaban ƙasa da aka ce ya ci naira biliyan 21. Bayan wata biyu sabon jirgin shugaban ƙasa ya sauka. A tsakanin nan ne aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuɗin da a lokacin bai kai na buhun shinkafa ɗaya ba. Tun Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, mu masu masaukin baƙi har yau muna yawo a wajen kashi biyar. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya 'yan Najeriya ne, kuma mafi yawan masu mutuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, sa'annin Auta.

Kada wani ya zo ya mayar mini da maganar nan ta jam'iyya ko ta ɓangare. Namu na Arewa ma da suka hau, da ciwo ya zo ba layin asibitinmu suka bi ba. Marigayi 'Yar'aduwa Jidda aka kai shi a 2009, Buhari ya yi sama da kwana ɗari a jere a Landan a 2017. Ina yi wa kowane marar lafiya fatan sauƙi, shugaba ne ko talaka. Amma mutumin da ba ya kwanciya a gadon da muke kwanciya, ta ina zai san katifar ta yage?

Da mutane suka ce ɗacin ya yi yawa suka fito zanga-zanga a watan Agustan 2024, me aka yi? Ɗure. Ban goyi bayan waɗanda suka fasa shaguna da ofisoshi a nan Kano ba, ɓarna ɓarna ce. Amma ba zan manta ranar 1 ga Nuwamba ba, da aka jera yara a babbar kotun tarayya a Abuja bayan kusan wata uku a tsare, ƙasusuwan wuyansu a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, ana tuhumarsu har da cin amanar ƙasa. 'Ya'yan Kano da Kaduna ne da yawansu. Sai da duniya ta yi ca sannan aka ba da umarnin a sake su. Da na ga idanun Auta a bayan ƙofa, hoton yaran nan ne ya faɗo mini.

Mu Kanawa mun fi kowa sanin abin da ƙarya ke yi wa magani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, wajen 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, shari'a ta ja har zuwa 2009 kafin a sasanta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa a 2003 da jita-jita ta tashi kan rigakafin shan inna ta sami wurin zama, aka dakatar da shi kusan shekara, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka nakasa ba laifinsu. Abin da ya fara dawo da mutane shi ne an sake gwada maganin rigakafin, an shigo da malamai da sarakuna, kuma a 2004 gwamna Shekarau ya kawo 'yarsa ta cikinsa aka ɗiga mata a bainar jama'a. Duk da haka sai 2020 aka ayyana ƙasar nan ta rabu da cutar.

Akwai kuma inda misalin nasu yake ƙona mini rai. Auta ba ta zaɓe ni ba, ba ta biya ni albashi, shekararta huɗu. Mu kuwa manya ne, mu muka tsaya a rana muka dangwala, harajinmu ake ci. Duk da haka yarinyar nan na durƙusa mata, na faɗi laifina, na gaya mata sunan cutar da adadin shan da ranar gamawa. Mu har yau ba a ce mana sau nawa ya rage ba, ba a nuna mana a fili inda kuɗin tallafin da aka ce an yi tsiminsu suka shiga a unguwanninmu ba. Kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun 2023, to gwamnoninmu da shugabannin ƙananan hukumomi su ma su zo su nuna mana. Kwatar bayan gidanmu dai tana nan yadda take, sauro na ƙyanƙyasa.

Yau Asabar da safe aka ja layi na shida a bango, ita ta ja da hannunta. Sirinjin ma ita ta riƙe, bayan ta sa na lasa kamar kullum. Zazzaɓin ya sauka tun shekaranjiya, ta ci ɗumamen tuwo, tana tsakar gida tana ba 'yar tsanarta magani tana ce mata da ɗaci amma ki daure. Inna na zaune a tabarma tana kallonta. Ɗazu yayanta ya dawo daga Islamiyya ya ce kansa na sara masa. Na taɓa goshinsa na ji da ɗumi, na ɗauko mayafi, na zazzage jakata a kan gado ina ƙirga abin da ya rage.