Hasashen kwamfuta da ciwon sikila

Daren Talata a zaune na kwana a gefen gadon ɗiyar yayata a wani asibiti nan Jidda, sikila ta taso mata. Ta rungume gwiwarta, leɓenta ya bushe, ruwan da ake ƙara mata yana ɗiga a hankali. Gari na wayewa wani ya turo mini bidiyo, wai yanzu kwamfuta ta gama da wahalar ƙera magani. Wallahi raina ya sosu.

A bangon jijiyar jini akwai wani furotin mai suna P-selectin, yana kama ƙwayoyin jini kamar yadda ƙarangiya ke kama bakin zani. Ga mai sikila kamun yakan wuce kima, ƙwayoyi su cunkushe, hanya ta toshe, azaba ta biyo baya. Sai masana suka ƙera furotin irin na garkuwar jiki don ya rufe ƙayar, shi ne crizanlizumab. Amurka ta amince da shi a 2019. A 2023 Tarayyar Turai ta janye izininsa, saboda babban gwaji bai nuna ya rage tashin ciwon ba. Maganin kam yana kama P-selectin ɗin, amma marasa lafiya ba su gani a ƙasa ba.

Ba na raina kwamfuta. AlphaFold, wani shirin kwamfuta, ya girgiza duniyar kimiyya a 2020 wajen hasashen siffar furotin, har jagororin ƙirƙirarsa, Demis Hassabis da John Jumper, suka samu kyautar Nobel a 2024 tare da David Baker. Aikin da kan cinye shekaru ya koma na mintuna. Sai dai furotin ɗin garkuwa ya fi ba shi wuya: bakin da yake kamawa da shi yana lanƙwasa yana sauya siffa, kowane jiki kuma da irin nasa. Sannan hoto tsayayye kwamfuta ke bayarwa, alhali jini gudu yake yi, ƙarfin gudun ma yana sauya yadda P-selectin ke riƙo.

Yaranmu masu karatun kimiyya, ga jami'ar kimiyya ta KAUST nan a Thuwal, arewa da Jidda kaɗan. Ku koyi wannan ilimi, ina roƙonku, ciwon a gidajenmu yake. Amma idan allo ya nuna muku kamu mai kyau, ku ce hasashe ne, ku kai shi ɗakin gwaji kafin ku yi wa uwa irin yayata albishir. Jiya ta ga bidiyon, ta kira ni da murna tana tambayar inda ake sayar da maganin.