Kafin ka ce wa wani "ɗan bayi", ka san su waye aka loda a jirgi

Assalamu alaikum warahmatullah 'yan uwa. Dan Allah wanda ya fara karantawa ya daure ya kai ƙarshe, rubutun da ɗan tsawo amma abin ya tsaya min a maƙoshi ne tun satin da ya wuce.

Wata ƙanwata ce, 'yar gwaggona, yaro ya fito yana sonta ita ma tana sonsa. Yaron nan na san shi, tela ne yana da shagonsa da kekuna uku da yaran da yake koya wa aiki, da asuba a sahun farko nake tarar da shi, mahaifiyarsa kuma a hannunsa take ci take sha. An kai gaisuwa har an fara maganar sa rana, sai aka ce a dakata a yi bincike. To bincike ai ba wanda ya ƙi shi. Ran Talata da yamma na shiga gidan na tarar da gwaggo a tsakar gida tana tsince shinkafa a tire, yarinyar tana ɗaki idanunta duk sun kumbura. Na ce Gwaggo lafiya dai? Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kai dai bari ɗan nan, ashe bacucane ne, kakan kakansa a rinji aka haife shi, mu kuwa ba ma haɗa iri." Na ce Gwaggo sallarsa fa, halinsa fa? Ta ce ai ba a nan take ba.

Wallahi gwaggona mace ce mai ibada, Litinin da Alhamis ba sa wuce ta, ba mugunta ce ta sa ta faɗi haka ba, abin da ta taso ta ji ana faɗa ne. Shi ya sa ma abin ya fi ba ni tsoro, don idan mai carbi a hannu za ta iya wannan magana ba tare da gabanta ya faɗi ba, to cutar ta yi nisa a cikinmu. Kuma na lura yawancinmu da muke jifan mutane da kalmar bawa ba mu san ko su waye aka bautar ba, ba mu san yadda mutum yake kwana ɗa ya wayi gari haja a kasuwa ba.

Cikin shekara wajen 350, daga ƙarni na 16 zuwa na 19, Turawa sun loda 'yan Afirka kimanin miliyan 12 da rabi a jiragen ruwa suka ƙetara tekun Atlantika da su, waɗanda suka sauka da rai kimanin miliyan 10.7 ne, sauran kusan miliyan 2 teku ce kabarinsu, ba wanka ba likkafani ba sallah. Mutane da an ce bayi sai tunaninsu ya tafi Amurka, alhali waɗanda aka kai can kai tsaye ba su kai dubu 400 ba, ko da yake jikokinsu yau sun haura miliyan 40. Ƙasar da ta haɗiye kaso mafi tsoka ita ce Birazil, kusan mutum miliyan 5, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta soke bauta, sai ranar 13 ga Mayu 1888. A ƙidayar da suka yi a 2022 fiye da rabin mutanen ƙasar, cikin miliyan 203, sun ce su baƙaƙe ne ko ruwa biyu. Ga Haiti da bayi suka yi yaƙi suka kori Faransa suka kafa ƙasarsu a 1804, ga Jamaika, ga Kuba, ga bakin tekun Kolombiya. Kuma kar mu ɗora komai a kan Bature mu kaɗe riga, ta Sahara ma an kora mutane kamar dabbobi zuwa Tarabulus da Tunis da Maroko, har farkon ƙarni na 20 akwai masu jin Hausa a Tunis suna bori da waƙoƙin kakanninsu, sannan daga gabashin Afirka an kwashi wasu zuwa Basra da Indiya, a Indiya har gobe ana kiran jikokinsu Siddi.

Amma inda nake so mu tsaya mu yi kallo da kyau shi ne wani birni na bakin teku a Birazil, Salbado, a jihar Bahiya, don can namu ne aka kai, Hausawa zir. Lokacin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa an kama mutane ta kowane ɓangare, wanda ya yi jihadi da wanda aka yi jihadin a kansa da manomin da bai san hawa ba bai san sauka ba yana cikin gonarsa mahara suka faɗo masa, a sayar da mutum hannu zuwa hannu ta ƙasar Nufe da ta Yarbawa har a dangana da bakin teku a Ikko ko Badagiri ko Wida, a can a musanya shi da ƙullin tabar Bahiya da aka jiƙa da ruwan rake. Ku tsaya ku ji fa, mutumin da ya yi tilawa a tsangaya, wataƙila ya sauke, wataƙila har ya rubuta, kuɗinsa taba. Wani jakadan Faransa a Bahiya mai suna Castelnau ya zauna da irin waɗannan bayi wajajen 1850 yana tambayarsu garuruwansu, suna lissafa masa Kano da Katsina da Zazzau da kwanakin tafiyar da ke tsakaninsu.

Kuma ba su kwanta an taka su ba. A 1807 an bankaɗo shirin Hausawan Salbado na ƙwace jirage a tashar ruwa su komo gida. A 1814 suka sake tashi a wajen masunta na Itapuwa, kuma a takardun hukuma an rubuta cewa jagoransu "malomi" ne, wato malam, kalmarmu ce bakin Bature ya karkatar. Babban tashin shi ne na daren 24 wayewar 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na watan Ramadan. A wannan karon Yarbawa Musulmi ne suka fi yawa, da Hausawa da Nufawa a ciki, mutanen garin suna kiransu Male gaba ɗaya. Kimanin mutum 600 suka fito titi cikin fararen riguna, da layu a wuya, da takubba da wuƙaƙe a hannu, an riga an tona asirinsu tun kafin lokacin da suka sa, sojojin doki suka tare su da bindiga, aka kashe kimanin 70, daga baya aka harbe huɗu a bainar jama'a, aka yi wa wasu bulala ɗari-ɗari, aka kori wasu daga ƙasar.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne kayan da 'yan sanda suka kwaso da suka shiga bincike gida gida, ɗakunan ƙarƙashin bene inda bayi da 'yantattu suke haya. Alluna suka tarar 'yan uwa. Allo irin wanda ni da kai muka riƙe muna yara, da tawada da alƙalami, da carbi, da 'yan takardu a ninke ɗauke da ayoyin Alƙur'ani da addu'o'i. Masu bautar da su da yawansu ko sunansu ba sa iya rubutawa da harshensu, sai da hukuma ta nemo wani bawa Bahaushe da suka sa wa suna Albino ya karanta musu abin da ke cikin takardun. Mutum ya wuni yana dakon buhun sukari ko yana ɗauke da Bature a kujera a kafaɗa yana hawa tudu da shi, dare ya yi maimakon ya miƙe haƙarƙarinsa sai ya lallaɓa ɗakin malam ya ɗauki allo. Takardun nan har yau suna nan a ma'ajiyar tarihi ta jihar Bahiya.

Cikin malamansu akwai wani Bahaushe da ake kira Dandara, ya fanshi kansa yana sayar da taba a wani ɗan shago, a nan yake karantar da mutane yana jan su sallah. Akwai kuma wani dattijo Bayarabe, Likutan, wanda almajiransa suka tara kuɗi don su fanshe shi amma ubangidansa ya ƙi sakinsa, ƙarshe ma aka kulle shi a kurkuku saboda bashin da ake bin ubangidan, wato an riƙe malami jingina kamar yadda ake riƙe akuya, almajirai suna bin sa har gidan yarin suna neman addu'a. Da aka gurfanar da shi bayan tashin aka tambaye shi sunansa sai ya ce Bilal. Bulala dubu aka yanke wa tsohon nan, hamsin hamsin a rana. Ni dai duk sanda na tuna wannan amsa tasa sai jikina ya yi sanyi, don ya san sarai wanda yake kira, ya san akwai wani baƙin bawa da aka taɓa ɗora wa dutse a ƙirji a ranar Makka yana cewa Ahad Ahad, kuma ranar da aka buɗe Makka shi aka ce ya hau Ka'aba ya yi kiran sallah.

Wasu daga cikin waɗanda aka kora da waɗanda suka biya kuɗin jirgi da kansu sun dawo Afirka ta Yamma, su ne Aguda na Ikko da Wida da Fotonobo, su ne Tabom da suka sauka a Ankara ta Gana a 1836, har yau zuri'arsu na nan da sunayen Fotugis. Waɗanda suka rage kuwa labarin da ciwo. Wani limami daga Bagadaza, Abdurrahman al-Bagdadi, jirgin ruwansu ya sauka a birnin Riyo na Birazil wajajen 1866 ya tarar da Musulmi baƙaƙe suna sallah a ɓoye, ya zauna 'yan shekaru yana karantar da su, kuma ya ga yadda 'ya'yansu suke zamewa daga addinin don ba makaranta, ba 'yanci, ga dole a yi wa yaro wankan coci. A hankali hasken ya dushe. To yau in ka ga baƙin ɗan ƙwallon Birazil yana yin alamar gicciye kafin ya shiga fili, kar ka yi saurin taɓe baki, ba mamaki kakansa na shida da alwala ya kwana a daren da aka kama shi, ba mamaki ma daga unguwarku aka ɗauke shi.

Malamanmu ba su yi shiru ba tun a wancan zamani. A 1615 Ahmad Baba na Tumbutu ya amsa tambayar mutanen Tuwat, wani yanki a cikin Sahara, a kan sayen baƙaƙe, ya ce baƙar fata ba ta halatta bautar da mutum, ya kuma ambaci Kano da Katsina da Gobir da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Ka ga kenan tun a lokacin ana sayar da 'ya'yan waɗannan garuruwa, shi ya sa ma aka yi tambayar. Kuma a cikin Bukhari Allah Maɗaukaki yana cewa mutum uku shi ne abokin shari'arsu ranar alƙiyama, ɗaya daga ciki wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Yanzu don Allah tsakanin jikan wanda aka sace da jikan wanda ya sato ya sayar, wa ya kamata ya sunkuyar da kai in an zo tonon asali? Mu fa mun juya abin, wanda aka zalunta shi muke gorantawa, gidan da aka ci kuɗin mutane kuma muna ce masa gidan asali.

Annabi Yusuf alaihissalam an sayar da shi da 'yan dirhamomi ƙidayayyu, Alƙur'ani da kansa ya ce kuɗi ne ƙasƙantacce. Nana Hajara baiwa ce, ta cikinta aka samu Annabi Isma'il, ta tsatsonsa aka samu fiyayyen halitta sallallahu alaihi wasallam, kuma duk alhajin da ya biya miliyoyi ya je Makka sai ya bi sawunta sau bakwai tsakanin Safa da Marwa ko aikinsa bai cika ba. Abu Zarri da girmansa ya goranta wa wani mutum da uwarsa, Manzon Allah ya ce masa kai mutum ne da akwai jahiliyya a tare da kai. A Muslim kuma ya lissafa alfahari da dangi da sukar nasabar mutane cikin abubuwan jahiliyya da al'ummarsa ba za ta bari ba. Mun haddace "inna akramakum indallahi atƙakum", muna jin ta a wajen kowane ɗaurin aure, amma da an zo kan 'yarmu sai ayar ta tsaya a bakin zaure. Sarakuna nawa ne a ƙasar nan 'ya'yan ƙwarƙwara, muna faɗuwa muna gaishe su, wa ya taɓa tambayar rinjin da aka ɗauko uwar?

Jiya bayan la'asar na koma wajen gwaggo, na zauna a bakin tabarmarta na ba ta labarin tsohon nan da ya ce sunansa Bilal, da allunan da aka kwashe, da bulala dubun. Ta daɗe ba ta ce komai ba tana jan carbinta, can ta ce, "Allah sarki, bayin Allah, ko wa ya yi musu sallah oho. Allah ya jiƙansu." Na ce amin Gwaggo. Ban ƙara komai ba, ita ma ba ta ce ta sauko ba, ta dai ce in je in samu Kawu tunda shi ne waliyyi, gobe in Allah ya kai mu bayan sallar Juma'a zan je. Ku sa yaran nan biyu a addu'a.