Wane asali ake yi wa kuka?

Tun kafin kamfanin fina-finan Disney ya saki sabon fim ɗin Snow White, tatsuniyar wata 'yar sarki da wadanni bakwai, a Maris ɗin 2025 ake ta kururuwa a intanet, wai an ɓata tatsuniyar asali: jarumar ba fara sol ba ce, wadannin kuma da kwamfuta aka yi su. Abin haushin, asalin da suke karewa katun ne na 1937, wanda shi kansa sai da aka yi wa labarin aski kafin a zana shi.

A littafin 'yan'uwan nan Jamusawa, Grimm, na 1812, uwar da ta haifi yarinyar ce ke neman ranta don kishin kyau. Sai a bugun 1819 aka mayar da ita kishiyar uwa. Babu sumbar wani yarima da ke farkar da ita kamar a katun; gutsuren tuffa ne ya fita daga maƙogwaronta ta farka. Uwar kuwa, wadda ita ce sarauniya, takalman ƙarfe aka gasa a wuta aka sa mata, ta yi ta rawa har ta faɗi matacciya. Haka ma 'yar ruwan da marubucin Denmark, Andersen, ya rubuta labarinta a 1837: harshenta aka yanke, kowane taku kamar a kan wuƙa, ƙarshe yariman ya auri wata. Katun ɗin da Disney ta yi da labarin a 1989 kuwa da biki ya ƙare.

Sauyi ba laifi ba ne. Abubakar Imam ma ya ɗebo daga Grimm da Alfu Laila ya sa musu rawani a Magana Jari Ce, ba wanda ya ce ya yi ɓarna. Tatsuniya a baki take rayuwa, kowace kaka da irin Gizonta. Laifin katun shi ne yana zare wa labari haƙora, sannan ya kafe shi a fuska ɗaya da riga ɗaya, har yaro ya rantse cewa duk wanda ya faɗa daban ƙarya yake yi. Yaran 1937 da jikokinsu ne yanzu ke wannan rantsuwar.

Masu cewa yara ba sa jure ban tsoro, da alama ba su taɓa jin labarin Dodo a tsakar gida bayan isha'i ba.

Iyaye su riƙa ba yara tsohon labarin da baki bayan an kashe waya. Masu zane na gida da ke shirin taɓa Gizo kuma su bar mana shi da ƙaryarsa da haɗamarsa, kada su wanke shi ya koma yaron kirki.