Akwatin zaɓe ba ya tare harsashi: Mekziko da jinin alƙali Villegas

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya game da zaɓen alƙalan da Mekziko ta yi ranar 1 ga Yuni 2025 shi ne yadda magoya bayansa ke ta kiran sa nasarar talaka. Kusan kashi 13 cikin ɗari na masu rajista ne kawai suka fito, aka danƙa musu takardu cike da sunayen mutanen da ba su taɓa ji ba, aka ce su cike kujeru 881 na kotunan tarayya.

Duk lokacin da aka ɗauko wannan zance, Uriel Villegas Ortiz nake tunawa. Alƙalin tarayya ne da ya yi aiki a jihar Jalisco, inda shari'o'in manyan masu fataucin ƙwaya suka riƙa biyowa ta teburinsa, har da ta Rubén Oseguera, ɗan El Mencho, madugun ƙungiyar fataucin ƙwaya ta CJNG a lokacin. A farkon 2020 aka mayar da Villegas jihar Colima. Ranar 16 ga Yuni na shekarar, da rana ido na ganin ido, 'yan bindiga suka same shi har gida, suka buɗe masa wuta shi da mai ɗakinsa, a gaban 'ya'yansu mata biyu ƙanana. Babu mai tsaronsa a wurin. Kafin shi, a watan Oktoba na 2016, alƙali Vicente Bermúdez ya fita motsa jiki da safe a garin Metepec, wani ya biyo shi a baya ya harbe shi a kai.

Ƙasar da ake yi wa alƙalanta irin wannan kisa, mene ne maganin da ta kawo? Shugaban ƙasar na lokacin, López Obrador, ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulki a watan Satumba na 2024, magajiyarsa Claudia Sheinbaum ta aiwatar, yanzu mai son zama alƙali sai ya fita neman ƙuri'a. Wato ya shiga unguwanni, ya nuna fuskarsa, a san inda yake kwana, a yankunan da ko ɗan takarar shugaban ƙaramar hukuma ba ya taron siyasa sai da amincewar masu bindiga. Da sai sun yi barazana ko sun ba da toshiya kafin su juya alƙali. Yanzu an buɗe musu hanya mafi sauƙi: su tsayar da nasu tun daga tushe. Ai ga Silvia Delgado, wadda ta taɓa zama lauyar El Chapo, ƙasurgumin mai fataucin ƙwaya, ta ci kujerar alƙalin laifuka a Ciudad Juárez. Ban ce ta aikata laifi ba, amma wa ya tantance ta, kuma da wane ma'auni?

Masu cewa tsofaffin alƙalan ma sun lalace da cin hanci da ɗaukar dangi aiki, ba ƙarya suka yi ba, sai dai ba a ƙona rumbu don ɓera. Masu fakewa da cewa gyaran ya ba da damar ɓoye sunan alƙali a shari'ar 'yan ƙwaya kuwa, su gaya mana yadda za a ɓoye fuskar mutumin da ya yi wata biyu yana tallata ta.

A ba alƙalan irin waɗannan shari'o'i tsaro na dole, wanda gwamnati ce za ta biya kuɗinsa, ya haɗa da iyalinsu. A kuma riƙa bin wanda ya ba da umarnin kisa, kada a tsaya kan yaron da ya ɗana kunamar bindiga kawai. 'Ya'yan Villegas biyu sun wayi gari marayu ta uwa da uba a rana ɗaya, kuma wannan gyara da ake ta yi wa guɗa bai taɓo abin da ya jawo musu haka ba.