Yaron da ba ya zama, ba ɗan ruwa ba ne

Jama'a dan Allah mu daina ɓoye yaran nan masu lalurar shanyewar ƙwaƙwalwa a ƙuryar ɗaki. A nan Legas, daga Agege zuwa Mile 12 za ka ji ana cewa wai ɗan ruwa ne ko iska ta taɓa shi, alhali yawanci doguwar naƙuda ce, jariri ya fito bai yi kuka ba, ko shawara ta kama shi a satin farko aka tsaya shanya shi a rana, ko kuma sanƙarau. Ba shan inna ba ce, kuma ba a ɗauka.

Raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa. Jikin ne ke ƙara sanƙarewa idan an bar yaro kwance a rigingine safe da yamma, har gwiwa ta ƙi miƙewa, ƙafafu su harɗe.

Akwai sashen fisiyo, wato masu koyar da motsa jiki, a asibitin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba, akwai a asibitin koyarwa na LASUTH Ikeja, akwai asibitin ƙashi na Igbobi. Na san wahalar, uwa ta goya ɗan shekara 6 ta shiga danfo cikin gosulo, ga kuɗin mota ga layi, shi ya sa da yawa ke zuwa sau kaɗan su ce ba su ga canji ba su bari. To wallahi ganin likita sau ɗaya a sati ba shi ne aikin ba, abin da aka koya miki ki je ki yi a gida kullum shi ne aikin. A kifa shi a tabarma a ajiye abin wasa ɗan nesa ya yi ta ƙoƙarin kaiwa da kansa. A zaunar da shi a kusurwar ɗaki a tokare da filo. A naɗe hannun cokali da tsumma ya yi kauri, ya ci da kansa ko da rabin kokon a riga zai ƙare. Tausa kaɗai ba ta koya wa yaro zama, sai shi ya motsa. Kuma kar a bar kowa ya ja ƙafarsa da ƙarfi wai miƙarwa, karaya ake jawowa.

Ba kowane yaro zai yi tafiya ba, wannan gaskiya ce. Amma wanda ya iya riƙe wuya ya zauna, ko haɗiyar abinci sai ta fi masa sauƙi.

Mu maza kuma, Alhaji in ka dawo daga kasuwa bayan Isha ka zauna a tabarmar nan ka karɓi Hajiya minti 15, ta wuni tana ɗaga shi, bayanta ciwo yake.