Ku bar nas ta tambayi sunan mara lafiya, ko sau goma ne

'Yan uwana mazauna Makka da Jidda da Madina, akwai ɗabi'ar da muke nunawa a asibiti wadda ya kamata mu bari. Nas za ta zo da tiren magani, ta ce wa mara lafiya ta faɗi cikakken sunanta, ta ɗaga hannunta ta karanta awarwaron robar da aka ɗaura mata, sai mai jinya ya hau faɗa: "Kwana uku muna nan, har yanzu ba ku gane Hajiya ba?" Wallahi tambayar nan da ke ba ku haushi tana cikin abubuwan da ke tsare ran mahaifiyarku.

Ku dubi sunayenmu. Lokacin aikin Hajji, a asibitocin Mina da Arfa, ba abin mamaki ba ne a kwantar da A'isha Muhammad biyu a ɗaki ɗaya. Shi ya sa ake tantancewa da abu biyu, cikakken suna da lambar fayil. Lambar gado ba ta cikin lissafi, don ana iya sauya wa mutum gado cikin dare. Kuma nas ƙwararriya ba ta cewa "Ke ce A'isha?" Tsohuwar da ba ta jin Larabci, ga zazzaɓi ga kunya, kai kawai za ta gyaɗa. Dole sunan ya fito daga bakinta ko bakin mai jinyarta.

Likita ke rubuta magani, mai harhaɗa magunguna ya fitar, nas ta bayar. Idan likita ya kuskure akwai mutum biyu a gabansa da za su iya kamawa. Ita nas babu kowa a gabanta sai jikin mara lafiya. Don haka take duba abu biyar: mutumin, maganin, adadin, hanyar da zai shiga jiki, da lokacin.

Adadi shi ne inda aka fi samun ɓarna. Insulin, allurar masu ciwon suga, wanda aka saba amfani da shi yana da yunit 100 a kowane mililita ɗaya, don haka da sirinjinsa na musamman ake ja, kuma a asibitoci da yawa sai nas ta biyu ta gani da idonta. An hana rubuta harafin U a madadin kalmar yunit, saboda 10U da rubutun gaggawa yana komawa 100. Haka 5.0 kan zama 50 idan ɗigon bai fito ba. Mu a nan muna da ƙarin tarko: a lambobin Larabci biyar zagaye ce kamar sifili, sifili kuma ɗigo ne kawai. Duk wanda bai saba da su ba, kada ya yi ƙiyasi a kan takardar magani.

Maganin yara da nauyi ake lissafa shi. Farasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo, yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 150. Idan ruwan maganin mai miligiram 120 ne a cikin mililita 5, zai sha mililita 6 da kwata. Idan mai 250 ne, 3 kacal. Uwa ta saba da kwalbar farko, aka ba ta ta biyu, ta auna yadda ta saba, ta ninka wa ɗanta fiye da sau biyu. Nas da ta nace sai an ɗora yaro a kan ma'auni tana da gaskiya, ko da yana tsala kuka. Manya ma su sani Panadol da Fevadol da Adol duk farasitamol ne, kuma babba ba ya wuce giram 4 a yini, in ba haka ba hanta ce ke biya.

Sinadarin fotasiyom mai ƙarfi kuwa ba a taɓa tura shi kai tsaye cikin jijiya, yana tsayar da zuciya. Sai an sirka shi cikin ledar ƙarin ruwa, ya shiga a hankali ta na'ura. To don Allah, mai jinyar da ke murza maƙallin ledar ruwa don ta ƙare da wuri a samu zuwa Harami, ya san me ke cikinta?

Namu aikin ba shi da wuya. A kawo duk magungunan gida cikin kwalayensu, ba a tsiyaye cikin leda ɗaya ba, har da na gargajiya da ake ɓoyewa a ƙarƙashin filo. A faɗi maganin da ya taɓa sa wa mutum ƙuraje ko kumburin fuska, domin wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin ba a ba shi Augmentin, don shi ma dangin fenisilin ne. Kada a daka ƙwaya a zuba a kunu sai an tambaya, wasu an yi su ne su narke a hankali cikin yini, dakawa na sako ƙarfinsu gaba ɗaya. Idan kuma kun ga nas tana jan allura ko lissafi, ku riƙe gaisuwa da tambayar sallama har ta gama.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rage mummunar illar kuskuren magani da rabi cikin shekara biyar. A ganina hakan ba zai yiwu ba a duk inda nas ke tsoron cewa "na yi kuskure". Da yawansu baƙi ne irinmu, suna fargabar rasa aiki. Idan ta faɗa nan take, wanda aka yi wa insulin fiye da kima za a auna sugansa, a ɗaura masa gulukos, wato ƙarin ruwa mai suga, a zauna kansa. Idan ta yi shiru, sai an tarar da shi cikin gumi ba ya amsa kira, iyalansa kuma suna zaton barci yake.