Kuyangi 12 da igiya ɗaya: sharhi kan littattafan da ke ba matan almarar Girka baki

Dab da ƙarshen waƙar Odyssey ta Homa, bayan Odisiyas ya dawo gida daga tafiyar shekara 20 ya karkashe mazan da suka tare a gidansa suna neman auren matarsa, sai aka fito da kuyangi 12 waɗanda aka ce sun yi lalata da mazan nan. Aka sa su suka kwashe gawarwakin, suka wanke jinin da ya ɓata kujeru da tebura, sa'annan ɗansa Telemakas ya rataye su a jere da igiyar jirgin ruwa. Mawaƙin ya kamanta su da tsuntsayen da tarko ya kama, ya ce ƙafafunsu sun ɗan motsa, sai ya ci gaba da labarinsa.

A kan 'yan baitocin nan Margaret Atwood, marubuciya 'yar Kanada, ta gina The Penelopiad a 2005, kuma a ganina har yau shi ne ma'aunin duk abin da ya biyo baya. Fenelofi, matar Odisiyas, ce ke magana daga duniyar matattu, amma kuyangin ba sa barin ta ta kai aya, suna katse ta da waƙoƙi da habaici. Ita ce ta tura su su shiga cikin manema auren domin su riƙa kawo mata rahoto, kuma tana barci lokacin da aka rataye su. Atwood ba ta wanke uwargidan ba, domin ta san cewa a gidan da ke da bayi, mace ma tana iya zama mai zalunci, ko aƙalla mai cin moriyar zalunci.

Pat Barker ta Ingila ta bi irin wannan hanya a The Silence of the Girls na 2018. Birisis, wadda Akilis, gwarzon mayaƙan Girka, ya kashe mijinta da 'yan uwanta maza ya kuma ɗauke ta ganima, ita ce sanadin rigimarsa da Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, rigimar da waƙar Iliad ta ginu a kanta. Amma cikin baiti sama da 15,000 sau ɗaya tak aka ji muryarta, tana kukan mutuwar Faturokilas, aminin Akilis. Barker ta shigar da mu sansanin Girkawa a bakin tekun Turoi, birnin da suke yaƙa, ta idon Birisis: ɓeraye, annoba, rumfunan saƙa, da daren da dole ta zuba wa wanda ya kashe danginta abin sha. Mai karatun da ya san ma'anar kalmar ƙwarƙwara ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

Inda nake da ja shi ne abin da kasuwa ta yi da wannan salo. Tun da Circe na Madeline Miller ya yi farin jini a 2018, kamfanonin ɗab'i suka yi ca, har ya zama da wuya a sami wata mace a almarar da ba a yi mata littafi ba, daga Ariyadini zuwa Medusa. Da yawansu zubi ɗaya ne: jaruma marar aibi, mai tunanin 'yar jami'ar wannan ƙarni, kewaye da maza waɗanda ba su da komai sai mugunta. Wannan ragon azanci ne, domin idan baiwar ta riga ta san duk amsoshin zamaninmu, to, marubuciyar ce ke magana, ita kuwa baiwar an sake rufe mata baki.

Haka kuma ba daidai ba ne a ce an fara sauraren matan nan jiya. Yurifidis, marubucin wasan kwaikwayo, ya sa labarin matan Turoi da aka kama a kan dandamalin wasa na Atina tun shekara ta 415 kafin haihuwar Annabi Isa, Christa Wolf kuma ta rubuta Kassandra a Jamus ta Gabas a 1983.

Wani lokaci ma gyaran ba ya buƙatar ƙagaggen labari. Da Emily Wilson ta fassara Odyssey zuwa Ingilishi a 2017, ta nuna cewa wasu mafassaran da suka gabace ta sun sa wa Telemakas kalmomi irin su karuwai a bakinsa a wurin ratayar, alhali babu su a Girkancin asali. Ita kuwa a fassararta bayi ta kira matan gidan, domin matsayinsu ke nan a gidan Odisiyas.